Shagon da na kama haya a intanet

Sana'ata kayan ƙamshin girki ce. Ina sayo busasshiyar citta daga Kachia, in haɗa da kanumfari da masoro da kimba da barkono, a niƙa, a tankaɗe, mu ɗura a robobi masu tambarinmu. A Unguwan Dosa nake, a bayan gida muke aikin, ni da 'yan mata uku. Shekara da shekaru WhatsApp ne shagona: in ɗora hoto, a turo kuɗi, in aika yaro da kaya tashar Kawo ko Mando a ba direba. Ban taɓa jin ina bukatar wani shafin intanet ba, sai ranar da wani mai babban kanti a Abuja ya ɗanɗana yajinmu a wajen baje kolin kasuwar duniya ta Kaduna, ya ce in turo masa farashi ta imel ɗin kamfani. Na ce ina da Gmail. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, a ofishinmu ba a buɗe wa mai kawo kaya fayil sai da adireshin kamfani." A 2022 ke nan.

Ɗan yayana, wanda lokacin yake shekarar ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha ta Tudun Wada, ya ce, "Goggo, wannan ai aikin kwana uku ne." Kuma bai yi ƙarya ba. Cikin mako guda ya nuna mini shafi a wayata, ga hoton robobinmu, ga sunan sana'ata da .com a ƙarshe, ga imel mai ɗauke da sunan. Na ba shi kuɗin da ya ce ya kashe, na ƙara masa na sabulu, na sa masa albarka. Ban tambaye shi komai ba. A zatona shafin intanet kamar allon talla ne, in mai fenti ya rubuta an kafa, shi ke nan.

Shekara na zagayowa, a tsakiyar wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da mutum zai wuni a layin banki ya dawo hannu rabbana, wata mai saye daga Legas ta kira ta ce shafina ba ya buɗewa. Na duba, sai ga wani farin shafi da rubutun Turanci da tallace-tallacen da ban san su ba. Imel ma ya tsaya cak. Shi kuwa yaron yana can kudu yana bautar ƙasa, an sace masa waya, layin da ya yi rajista da shi ya tafi da ita.

Da ƙyar na same shi ta wayar abokinsa. A daren nan, a waya, na fara koyon abin da ya kamata in tambaya tun farko. Ashe abu biyu ake biya, kuma dukkansu haya ne. Na farko sunan shafin, wanda suke kira domen, shi ne adireshin da mutum zai rubuta ya same ka. Ba a sayensa mutu-ka-raba, duk shekara ake sabuntawa. Na biyu masaukin shafin, wanda suke kira hostin: wani yanki ne a cikin babbar kwamfutar da ba a kashewa dare da rana, suna ce mata saba, a nan hotuna da rubutu da saƙonnin imel suke zaune. Duka biyun ya saye su a wani kamfanin Amurka da imel ɗinsa da sunansa da katinsa. Kamfanin ya yi ta aiko da tunatarwa, amma cikin akwatin da ba mai dubawa. Sun gwada cirar kuɗi a katin bai yiwu ba, don tun a 2022 bankuna suka rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ya ce, "Goggo, in muka yi sanya, sunan zai iya fita daga hannunmu." In sunan .com ya ƙare akwai 'yan kwanakin alfarma da za ka sabunta a kan kuɗin da aka saba. In suka wuce sai ya shiga wani zango na kwana 30 wanda fansarsa take da tsada ƙwarai, bayan nan kwana biyar, sai a sake shi kasuwa, kowa ya riga ya ɗauka. Ni kuwa na buga wannan suna a jikin robobi dubbai da katin kasuwanci da ledar kaya. Mun ci sa'a muna cikin kwanakin alfarma. Ya samu ya farfaɗo da imel ɗinsa, muka nemi wani mai katin dala ya biya mana, na tura masa naira a farashin bayan fage. A nan na ga wani abu kuma: kuɗin sabuntawa ya ninka na shekarar farko kusan sau uku. Ashe wancan farashin na jan ciniki ne, irin ɗanɗanon da mai kilishi yake miƙa maka. Farashin gaskiya yana rubuce da ƙananan haruffa a ƙasa. Na biya, don ba ni da zaɓi, amma na ƙudura a raina ba za a sake ba.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. A damina cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko, manoma suka tafka asara, buhun da muke saye ya zama sai wane da wane. A watan Yuni kuma gwamnati ta saki naira, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Na yi lissafi a bayan littafin bashi: duk dala 100 da za a nema a wurina naira 150,000 ce, kuma wa'adi saura wata guda. Lokacin yaron ya gama bautar ƙasa ya dawo. Na kira shi na ce ya zo da kwamfutarsa ranar Asabar, amma wannan karon ni zan riƙe linzami, shi nasa bayani ne kawai.

Muka zauna a falo, ya buɗe shafukan kamfanonin Najeriya masu karɓar naira. Da farko kaina ya ɗaure, don kowa cewa yake shi ne na ɗaya. Sai ya kwatanta mini da abin da na sani. Mafi araha shi ne na haɗaka, kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa: famfo ɗaya, mita ɗaya, in maƙwabci ya kunna abin dumama ruwa kowa sai ya ji a ƙwansa. Sama da shi akwai VPS, kamar falat mai mitarsa da ƙofarsa, amma in famfo ya lalace kai za ka nemo mai gyara, sai in ka ƙara kuɗi su kula maka. Na ƙarshe ka kama gida sukutum, saba guda taka kai kaɗai. Ya so in ɗauki na tsakiya, irin na samari, wai don gaba. Na tambaye shi mutum nawa suke shiga shafin a rana. Ya duba ya faɗa mini, adadin bai fi na masu shigowa gidana gaisuwa ranar Juma'a da yawa ba. Na ce to ɗaki ɗaya ya ishe ni, in iyali sun ƙaru ma tashi.

Akwai kalmomi biyu da na ga kowane kamfani yana ɗagawa sama. Ɗaya ita ce wai wurin ajiya ba iyaka. Ni 'yar kasuwa ce, na san ba a ba da abu ba iyaka a kan kuɗi ƙayyadadde. Na sa shi ya buɗe dogon sharaɗin nan da ba wanda yake karantawa, sai ga iyakar a ciki: adadin fayilolin da za ka iya ajiyewa, ƙarfin injin da za ka iya ja, yawan imel ɗin da za ka iya aikawa a awa guda. Ɗayar kuma alkawarin cewa shafi zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin 100 na lokaci. Ya yi kama da cikakke, amma da muka buga a kalkuleta sai ya zama kusan awa tara a shekara shafin zai iya zama a rufe ba su karya alkawari ba. Ban ga laifinsu ba, mu da muka saba da ɗauke wuta awa tara a wuni ɗaya. Na dai so in san abin da nake saye.

Sai na kawo tawa dabarar, wadda ba ta cikin kwamfuta. Duk wanda zan yi hulɗar kuɗi da shi, ina so in ga fuskarsa ranar matsala tun kafin matsalar ta zo. Muka ware kamfanoni uku, da misalin sha ɗaya na dare na sa ya aika wa kowanne tambayoyi iri ɗaya: nawa ne kuɗin sabuntawa a shekara ta biyu, a wace ƙasa sabarku take, kwana nawa kuke ajiye kwafin shafi kuma ana biya kafin a dawo da shi, za ku kwaso mana kayanmu daga tsohon gida ko mu za mu yi dako. Na farko bai amsa ba sai washegari da la'asar. Na biyu ya amsa nan take, amma inji ne, duk abin da ka tambaya sai ya turo maka jerin farashi. Na uku mutum ne ya amsa kafin mu gama shan shayi, ya faɗi kuɗin sabuntawa ba ɓoye-ɓoye, ya ce ƙaurar kyauta ce, kuma ya faɗi gaskiya cewa duk da naira suke karɓa, sabar da za a sa mu tana Turai. Ba shi ne mafi araha ba. Shi na ɗauka.

Wannan batu na inda saba take, ban san nauyinsa ba sai bayan 'yan makonni, zan dawo kansa.

Asusun da imel ɗina muka buɗe, da lambar wayata, kalmar sirri kuma ni na zaɓa na rubuta a littafi da hannuna. Na biya ta tiransifa daga wayata, rasit ya shigo da sunan da ke jikin takardar rajistata ta CAC. Kamfanin ya kwaso shafin cikin kwana ɗaya, don tsohon gida da sabon duk cPanel suke amfani da shi, wato allon da mai shafi yake shiga ya sarrafa fayiloli da imel. Shafin kansa da WordPress aka gina shi, wato wata manhajar gina shafuka, don haka bai yi gardama ba. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne sunan. Sai da muka cire masa kwaɗo a tsohon kamfani, suka ba mu wata lambar sirri ta canja gida, muka miƙa wa sabon, aka yi kusan kwana biyar kafin ya iso, da ƙarin shekara guda a kan wa'adinsa. Ni da na so a fara goge sunan yaron a sa nawa tun a can, sai ya ce a'a: canza sunan mai shi yakan jawo a kulle domen kwana 60 ba a iya fitar da shi, mu kuwa wa'adinmu bai kai haka ba. Sai da ya iso sabon gida aka mayar da shi sunana. A nan kam na yarda karatunsa bai tafi a banza ba.

A wannan zaman na ƙara sayen sunan da .com.ng a ƙarshe. Hukumar NiRA ce take kula da duk sunayen da suka ƙare da .ng, ta hannun kamfanonin da ta amince da su, kuma shi kuɗinsa ba ya bin dala yadda na .com yake bi ko da a naira aka rubuta maka. Na sa an juya shi yana kai mutum shafi ɗaya. Ko ba komai, wani ba zai ɗauka ya riƙa sayar da garin masara mai kala da sunana ba.

Ranar da aka juya adireshin zuwa sabuwar saba na sha kallo. A wayata sabon ne yake buɗewa, a wayar maigida tsohon, ga mu zaune a kujera ɗaya. Na ce an yi ɓarna. Yaron ya ce in yi haƙuri, labarin ƙaura ba ya isa ko'ina lokaci guda, kowane layin sadarwa yana riƙe da tsohon adireshi na ɗan lokaci kafin ya sabunta, abin yakan kai kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa ba mu rufe tsohon gida ba sai da muka tabbata ba wani saƙo da yake sauka a can. Ƙaramin kwaɗon nan na tsaro da ke sa adireshi ya fara da https, wanda tsohon kamfani ya taɓa neman sayar mini, ashe kyauta ake samunsa daga Let's Encrypt, yana sabunta kansa kafin kwana 90 su cika. In babu shi Chrome yakan rubuta wa mai shiga cewa shafin ba shi da tsaro, kuma ba mai turo kuɗi inda aka yi masa wannan kashedi.

Imel ne ya fi ba ni wahala, shi da aka yi duk hidimar dominsa. Na aika wa mutumin Abuja sabon farashi, kwana uku shiru. Da na kira, ya ce bai gani ba, sai can aka tsinto shi a kwandon saƙonnin banza. Ashe tun farkon Fabrairun 2024 Gmail ya tsaurara: duk mai aiko da saƙo sai ya nuna shaidar cewa da gaske daga adireshin da ya ambata ya fito. Shaidun ana kiransu SPF da DKIM, 'yan layuka ne da ake rubutawa a bayanan domen, kamar hatimi a kan wasiƙa. Wajen ƙaura namu sun zauna a karkace. Na rubuta wa kamfanin da kaina, da Turancina na sakandare, suka gyara a ranar. Sun kuma gaya mini wani abu da ya dace da misalin gidan haya: in wani maƙwabci a sabar yana watsa saƙonnin damfara, baƙin jinin yakan shafi kowa, don ƙofa ɗaya ake fita. In haka ta faru sai dai ka kai ƙara wurin mai gida.

Ranar Alhamis 14 ga Maris, muna azumi na huɗu, lokacin da cinikin citta da kanumfari ya fi kowane lokaci saboda kunu da zoɓo, intanet ta kwanta. Daga baya aka ji wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu ne suka samu matsala a yankin gaɓar Kwaddebuwa, ciki har da WACS da SAT-3, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga duhu. Shafina ya riƙa juyawa a wayata kamar ba zai buɗe ba. Na kira ƙanwata da ke aure a Ingila, ta ce ita a wurinta garau yake. A nan na gane abin da mutumin nan ya faɗa mini da daddare. Duk wanda ya taɓa shafina daga Kawo, sai saƙonsa ya bi ta Legas, ya nutse a teku, ya je Turai, sannan ya dawo. Masu sayena kuwa kusan dukkansu a Kaduna da Abuja da Kano da Legas suke. Akwai kamfanonin da sabarsu take a Legas, kuma har yau ina juya maganar komawa can. Abin da ya hana ni shi ne mutanen nan suna amsa mini in na kira, kuma wayar teku ba kullum take tsinkewa ba. Abin da muka yi shi ne muka sa shafin a bayan Cloudflare, wani kamfani mai ma'ajiyu a ƙasashe da dama, a tsarinsu na kyauta, yadda hotuna za su riƙa fitowa daga ma'ajiyarsu mafi kusa da mai dubawa.

Nauyin shafin ma ashe rabinsa laifina ne. Hotunan da nake ɗauka da waya in ɗora kai tsaye, kowanne yana kai megabait huɗu ko biyar. Mace tana Rigasa da ragowar data, sai ta sauke hoto goma kafin ta ga farashin yaji, ai sai ta fita. Na koyi matse su su koma ƙasa da kilobait 200 ba tare da kalar barkonon ta dusashe ba. Sannan na yanke wani hukunci da bai yi wa yaron daɗi ba. Ya sa mini WooCommerce, wato manhajar sayar da kaya a shafi, da kwandon sayayya da wurin biya da kati, yana alfahari da shi. A shekara biyu waɗanda suka bi ta nan ba su cika yatsun hannu biyu ba. Mutanenmu so suke su gaisa, su tambayi ko yajin yana da zafi sosai, su nemi ragi. Na sa aka cire kwandon aka bar babban maɓallin WhatsApp a ƙarƙashin kowane kaya. Shafin ya yi sauƙi, ciniki bai ragu ba. Gaskiyar magana, har gobe WhatsApp ne yake kawo kuɗin cefane. Shafin da imel ɗin su ne suke sa mai kanti ya ɗauke ni da daraja kafin ya gan ni.

Sau ɗaya na kusa yin kuka bayan wannan. Na ga WordPress yana nuna a sabunta wasu abubuwa, na danna duka a lokaci guda, shafin ya koma fari fat. Yaron yana wurin aiki, wayarsa a kashe. Na shiga cPanel hannuna na rawa, na nemo kwafin da kamfanin ya ajiye na daren jiya, na danna a dawo da shi, na tafi na yi sallar azahar. Kafin in shafa addu'a robobina sun dawo. Tun daga ranar nake sabunta su ɗaya bayan ɗaya. Kuma da yake kwafin nasu a hannunsu yake, in gobara ta tashi a gidan haya har da shi za ta ci, duk farkon wata nakan sauke nawa in zuba a filashi. Tana cikin jakar da nake ajiye takardar CAC da ta NAFDAC, tare da littafin kalmomin sirri, kuma maigida ya san inda jakar take.

Sabuntawar da ta biyo baya a Kachia ta same ni, ranar kasuwa, ina tsaye ana auna mini buhuna. Wayata ta yi ƙara da tunatarwar da na sa tun wata guda kafin wa'adi. Kuɗin ya ɗan ƙaru a kan na bara, sun kuma aiko da sanarwa tun da wuri. Na koma gefe inda sabis ya fi kamawa, na tura, rasit ya shigo da sunana. Da daddare yaron ya kira ya ce, "Goggo, kar fa a manta da hostin, watan nan ne." Na ce masa ya kwana lafiya, in ya shigo ranar Asabar ya zo da abin da zai ɗebi yajin mamarsa.